Kunnen Inna a Cikin Gero

Wata irin feɗuwa ce siririya ta tashi a gidan Muntari mai fetur, a Gazawa, bayan an yi lisha an kwanta. Ba kukan gyare ba ne, ba na jemage ba. Ta miƙe kamar zare, ba ta tsayawa ta ja numfashi, kuma abin da ba ya jan numfashi ai ba ɗan Adam ba ne. Awaki suka miƙe tsaye. Safina matar Muntari ta ja zane ta rufe kai tana karanto duk abin da ya zo bakinta. Habi maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga ta ce ita dai ta sha faɗa, tsamiyar nan ta bayan gida ba a banza take tsaye ba.

Kowa ya ji, ban da mai abin. Inna Ummuhani, uwar Muntari, tana ɗakinta tana barci, sai hasken tocila ya tashe ta. Ta ga ɗanta ya bi sautin har gindin gadonta, ya ɗaga murfin kwanon samira da tsinin sanda. A ciki, kan ɗan tsumma, ga aljanin kwance: wani ɗan abu lanƙwasasshe kamar kwanson wake, launinsa launin tafin hannu. Na'urar ji ce da ɗiyarta Nasira ta kai ta asibitin Yamai aka sa mata. A gidan ba a kiranta komai sai kunnen Inna. Kullum in za ta kwanta takan cire ta kashe da farce ta rufe a kwano. Ran nan ta manta ba ta kashe ba, kuma likita ya gaya mata tun farko, in aka rufe shi a kunne feɗuwa yake yi.

Ta ɗauka ta cusa a kunne. Feɗuwa ta tsaya, duniya ta dawo.

"Mantuwa na yi," ta ce, tana duban Safina. Muntari ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ba ta fuskantarsa da magana. In tana da abin gaya masa sai ta gaya wa matarsa, ko bango. "Lafiyarsa lau."

"Inna, abu mai lafiya ba ya kuka da dare," in ji Muntari. "Gobe zan duba shi. Akwai bidiyonsa."

Wannan kalma ta akwai bidiyonsa ta ci dukiya a gidan. Tun da Muntari ya sayi babbar salula, ba abin da ya gagare shi buɗewa. Rufewa ce dai ba a kai ga koya masa ba. A ƙarƙashin gadonsa akwai kwali, cikinsa rediyon marigayi babansa, da fankar Safina, da agogon bango, da tocila mai kama rediyo. Kowannensu da ɗan tari ya shiga hannunsa, kowanne kuma gawa ya fita. In sukurori suka ragu bayan ya haɗa, sai ya ce kamfani ne ya yi almubazzaranci.

"A gaya wa mai gidan nan ya bar mini abina," in ji Inna. "Idi ba shi da lafiya. Yana kira."

Idi shi ne Idrisa, ƙanenta, su biyu suka rage a ɗakinsu. Yana kwance a Cadakori tun saukar damina, kuma kowace Juma'a bayan an sauko masallaci sai a kira mata shi. A kiran da ya wuce ya ce mata, "Yaya, akwai maganar da nake so mu yi, ni da ke, in na ɗan samu ƙarfi." Tun ran nan take jira.

"Ka dai ji," in ji Safina.

"Kafin Juma'a ya fi sabo," in ji Muntari.

Da asuba ta cire kunnen don kada ruwan alwala ya taɓa shi, ta aje kan turmi. Da ta shafa kai ta juyo, babu shi.

Ta samu Muntari da hantsi a gindin bedi, itacen dogon yaro, ya jingina salula jikin buta, ya shimfiɗa farin ƙyalle kamar wanzami. Ta jawo kujera ta zauna daga baya, tana kallo ta kan kafaɗarsa. Ba ta jin komai, amma ba ta yi asarar da yawa ba, don mai bidiyon da wani yare yake magana wanda ba mai jin sa a Gazawa, kuma rabin maganar roƙo ne a danna masa alamar ƙararrawa da ke ƙasan bidiyon. Hannuwa kawai ake gani, ba fuska. Hannun farko yana da dogon farce a ƙaramin yatsa. Ya juya wata na'ura da ba ta yi kama da tata ba, ya juya, ya sake juyawa kamar mai tayin akuya. Da aka zo daidai inda za a buɗe, sai babban yatsa ya rufe wurin ruf. Hoton ya girgiza, aka ga rufin ɗaki, aka ga kyanwa, aka ga yatsun ƙafar mutumin cikin silifa. Da hoton ya dawo, an riga an gama, hannun yana ɗaga babban yatsan nan sama.

"Wadda ya buɗe baƙa ce," Inna ta ce wa bedi. "Wadda ya rufe ja."

Muntari ya ce haske ne.

Bidiyo na biyu a cikin duhu aka ɗauke shi, kamar a cikin rumbu. Na uku ya fi su kirki, har ya nuna inda ake sa reza, ya ɓare na'urar gida biyu, ya baje kayan cikinta, sannan ya ce sai a kashi na biyu. Kashi na biyu kuwa ba a haife shi ba. A ƙarƙashin bidiyon mutane sun yi layi da tambaya, wasu da Faransanci, wanda Muntari ya ɗan tsinta a lakol, makarantar boko: ina kashi na biyu? Wasu tun shekarun baya suke tsaye a wurin, kamar masu jiran mota a tashar da aka tasa. Wannan bai hana shi ɗaukar reza ba.

Da reza da allurar Safina ya buɗe kunnen. Wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar riɗi ya yi tsalle ya faɗi ƙasa, kaza ta yi wuf ta haɗiye. Aka ɗaure kazar a gindin turmi, Muntari ya wuni yana bincika kashinta da tsinke. Bai samu komai ba, ya ce dama ɗan ƙarfen ado ne.

Sai aka zo wanki. Wani hannu a wani bidiyo ya tsoma buroshin haƙori a wata kwalba marar suna ya goge cikin na'ura. Muntari ya tsayar da hoton, ya ƙura wa kwalbar ido, ya ce fetur ne. Kuma wa ya fi shi sanin fetur a garin nan, shi da ke jera kwalabensa a bakin hanya tun yana saurayi? Ya goge, ya hura, ya haɗa da ɗan salatif, ya rufe a kwano. Shiru.

"Kun ji ko? Ya daina kukan."

Inna ta sa a kunne. Ta jira. Ta ga bakin Safina yana motsi, ta ga zakara ya miƙe wuya ya buɗe baki ya rufe. Ba abin da ya shigo sai warin fetur. Ta cire ta miƙa wa Safina, Safina ta miƙa wa mijinta, shi kuma ya juya hannu a iska, alamar gobe.

Daga nan kwanakin Inna suka fara ƙanƙancewa. Kiran salla ya daina zuwa mata, ta koma duban inuwar katanga, ga shi damina ce, rana sai ta wuni a ɓoye. Ta yi la'asar kafin lokaci, ta yi asuba gari ya waye. Wata tsohuwar ƙawarta ta zo daga Cadawa ta yi ta sallama a bayanta tana tsintar wake, ba ta waiwaya ba, matar ta koma tana cewa tun da ɗiyar Ummuhani ta zauna Yamai, Ummuhani ta daina amsa gaisuwar talaka. In ta yi magana muryarta sai ta fita har waje ba ta sani ba. Ta ga ana murmushi ana kau da kai, ta gane, ta rage magana. Akuya ta shanye mata fura a bayanta, ƙwarya na ƙara, ita tana zaune tana kallon bango.

Safina ba muguwa ba ce, amma ta gano abin yana da daɗinsa. Yanzu tana iya kuka da surukarta a gabanta, tana miƙa mata tuwo.

"Tun da kunnen nan ya kwanta gidan ya yi sanyi," ta ce wa Habi ta kan katanga. "Ba mai ce mini gishiri ya yi yawa."

"Gishiri da baki ake jin sa, ba da kunne ba," in ji Habi. "Ku dai ku ji tsoron Allah. Muntari, ka kai abin nan Maradi mana."

"Su na Maradin ina kike tsammani suke koyo? Bidiyon nan ne dai. In ɗauki abin da ke aljihuna in je in saya a hannun wani?"

"To ka gaya wa Nasira."

Ya mai da ido kan salularsa. Nasira ƙanwarsa ce, kuma ran da ta kawo uwarsu gida, a gaban mutane ta ce masa, komai ya samu abin nan kada ya taɓa. Ya fi son ya haɗiye reza da ta ji.

Juma'a ta zo. Inna ta yi wanka ta zauna bakin ƙofa tun kafin a sauko. Ta ga salula ta yi haske a hannun ɗanta, ta ga ya duba ya fita zaure. A can ya ce wa kawunsa ta ɗan kwanta. Juma'ar da ta biyo ya ce ta shiga maƙwabta.

"A gaya wa mai gidan nan ya kai ni Cadakori," ta ce wa Safina. "In na ga bakin Idi zan gane abin da yake faɗi. Tun yana tsumma na san bakin nan."

Muntari ya tsuguna, ya nuna kunnensa, ya juya hannu.

"In ta je mi za ta ji?" ya ce wa matarsa. "A sha wahalar mota, ga ruwa, ga laka, ta je ta zauna tana kallonsa kamar gunki? A gyara kunnen tukuna. Saura kaɗan. Na gano matsalar, danshi ne."

Wani sabon hannu ne ya gano masa. Wannan hannun ya ɗauki salula ya binne a cikin shinkafa, ya nuna rana ta faɗi ta fito, ya tono salular tana waƙa. Shinkafa kuwa babu ita a gidan, ba salla ba ba suna ba. Muntari ya yi tunani ya ce hatsi hatsi ne, geronmu ma ya fi shinkafarsu zafi. Ya shiga madafa ya cusa kunnen can ƙasan masakin gero. Bai gaya wa kowa ba, don yana so ya tono shi a gaban Habi.

Da safe Safina ta juye masakin a turmi, ta yayyafa ruwa ta hau surfe. Inna tana zaune kusa, tana jin dukan taɓarya a tafin ƙafarta, wanda yanzu shi ne abin da ya rage mata na sauti. Da aka gama aka turo mata, don bakace aikinta ne. Ta ɗauki faifai tana kaɗawa, dusa na tashi, yatsunta na bin gero suna tsintar tsakuwa. Sai ta tsinci wata tsakuwa marar nauyi, launin tafin hannu. Ta tsinci ta biyu. Ta tsinci ɗan zaren waya siriri kamar gashi, da ɗan guntun salatif da gero ya manne masa.

Ta daɗe tana kallonsu. Safina ta ba ta baya tana hura wuta. In ta ɗaga murya, yarinyar za a ɗora wa laifi, ita da ta riƙe taɓarya. In ta kai masa, ta tsiraita ɗan farinta a gaban matarsa, ita da ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba. Ta kwance bakin mayafinta inda take ƙulle goro, ta zuba su, ta ƙulle. Shi ya binne, shi zai zo ya faɗa da bakinsa. Ta ci gaba da bakace.

Da azahar Muntari ya dawo ya sha fura ya ƙoshi, ya shiga madafa yana murmushi. Ta hango shi ya kifa masaki, ya girgiza, ya leƙa turmi, ya fito ya tsaya yana kallon ƙwaryar da ya shanye, hannu a ciki. Da yamma ya zo ya tsuguna gabanta, ya nuna yamma da yatsa, ya buɗe baki sosai yadda za ta karanta.

"Ma-ra-di. Na kai shi Maradi."

Inna ta ɗora hannu kan ƙullin mayafinta. Ta dubi Safina.

"Allah ya dawo da shi lafiya," ta ce.

Kiran da ya biyo baya bai jira Juma'a ba. Abdulrahaman ne, babban ɗan Idrisa, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Baba ya ce a ba shi Gwaggo yanzu. Ya ce mu duka mu fita, magana ce tsakaninsu. Tana ji dai ko?"

Muntari ya dubi uwarsa, ya dubi katangar Habi.

"Sarai," ya ce.

Ya kawo salular ya manna mata a kunne, ya yi da baki: Kawu. Ta riƙe da hannu biyu. Tana da ɗumi. A cikinta akwai wani ɗan motsi, kamar ƙuda a rufaffiyar ƙwarya, yana tashi yana kwantawa. Idi ne. Yana magana.

"Idi, ba na ji," ta ce, muryarta har zaure. "Kunnen ya..."

Muntari ya fizge. "Kawu, rezo ne, layin ya ɗan ɗauke. Ci gaba, tana saurare." Ya mayar mata, ya gyaɗa kai yana nuna mata ita ma ta riƙa gyaɗawa. Sannan ya ja da baya har gindin bedi, ya kira matarsa ta matso, don yana da tarbiyya, ba ya sauraren sirrin manya.

Ta zauna da ƙudan nan a kunne. Ta so ta sake cewa ba ta ji, amma motsin ya raunana, yana yankewa yana dawowa, ta gane da sauran numfashinsa yake yi, ta ji tsoron ta hau kan maganarsa. Inda ya ɗan tsaya sai ta ce, "To." Ba ta san ko tambaya ya yi ba, ko kuka. Ta ce to, ta sake cewa to. Ya daɗe. Da motsin ya tsaya gaba ɗaya, ta jira kaɗan, sannan ta faɗi nata.

"Idi, in yafiya ce na yafe, duniya da lahira. Ni ma ka yafe mini. In wani abu ne kuma, ka gaya wa yaran, ni ban ji ba."

Ta sauke salular ta duba. Fuskar salular baƙa ƙirin. An daɗe da kashewa.

Ba wanda ya gaya mata rasuwar. Washegari ta ga ana shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ta ga Habi ta shigo ta ƙofa ba ta kan katanga ba, ta zauna kusa da ita ta kama hannunta. Shi ke nan. An riga an kai shi tun da hantsi, ko an tashi yanzu ba a samu jana'iza ba. Muntari ya ce ai da ma ya so kai ta, Allah ne bai nufa ba. Mata suka yi ta shigowa, bakuna na motsi, ita tana cewa amin inda ta ga ya dace.

Su kuwa hannuwan nan suna nan inda suke. Mai dogon farce yana ta juya na'urarsa, babban yatsa yana rufe wurin da ya saba rufewa, masu jiran kashi na biyu sun ƙaru da mutum ɗaya daga Gazawa. Mai gyara na kasuwa in ya kashe maka rediyo ka san rumfarsa, ka san ubansa, kana iya aje masa gawar a gaba. Hannu marar fuska ba a kai masa gawa. Shi dai a danna masa ƙararrawa.

Bayan an share makoki Abdulrahaman ya zo da kansa, da ƙurar hanya a rigarsa. Ya gaida kowa, ya durƙusa gaban gwaggonsa a kan tabarma. Muntari na tsaye, Safina na bakin madafa, Habi ta dafa katanga.

"Gwaggo, kafin Baba ya cika mun tambaye shi ko yana da wasiyya. Ya ce ya gama, ya gaya wa Yaya komai, ta kuma amsa masa. Ya ce duk abin da za mu yi mu zo mu ji daga bakinki. Ba mu taɓa komai ba. Ga ni."

Inna ta bi bakinsa da ido. Bakin Idi ne sak, har yadda leɓen ƙasa ke karkacewa. Ta tsinci Baba, ta tsinci Yaya, sauran ya zube.

"Ka ɗan yi haƙuri," in ji Muntari. "Kunnen nata yana Maradi. Kwanan nan ya ɗan samu matsala, amma sun ce saura kaɗan."

Wannan kam ta karanta shi, don ta ga Maradi a bakin nan har ta haddace. Ta jawo bakin mayafinta. Ƙullin ya yi tauri, sai da ta sa haƙori. Ta zazzage a kan tabarma, tsakaninta da ɗan ƙanenta: 'yan ɓaraguzai launin tafin hannu, da zaren waya, da guntun salatif, da ƙwayoyin gero surfaffu. Ta tattara su wuri ɗaya da gefen hannu, ta gyara su. Ba ta dubi ɗanta ba. Ba ta taɓa dubansa ido da ido ba.

Safina ta kalli geron, ta kalli turmi, ta sa hannu a baki. Abdulrahaman ya ɗauki ɓarɓashi ɗaya yana juyawa, bai gane ba tukuna. Muntari ya sunkuya ya leƙa, kuma don sabo, hannunsa ya tafi aljihun da salula take, ya tsaya a can.

Kaza ta matso tana leƙen geron. Ba wanda ya kore ta.

Habi ta gyara tsayuwa a kan katanga, ta yi magana a hankali, ba yadda ta saba ba.

"To ni Habi, ku gaya mini. Shi marigayin, ran nan, da wa ya yi magana?"